Kawu Bawa da Tamolarsa

Duk wanda ya san Kawu Bawa a Gwandu ya san tamolar nan da ke hammatarsa. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa kasuwa, kullum da hantsi kuma sai ya shafe ta da man shanun da shi kansa ba ya sa wa tuwo. Daga Jos ya taho da ita bayan ya gama aikin kuza, a lokacin kuwa babu wata ƙwallon fata a garin sai ita. To ka ji yadda ƙanen mahaifiyata ya zama mai ƙungiyarmu. In an ja da shi sai ya ce, "Wa ad da tamola?" A ce shi. Ya ce, "To ni ad da magana."

Da fari mun yi tashe, wallahi. Mun je Masama mun ci su, mutanen Maruda kuwa ko tayin wasa sun daina yi mana. Duk albarkacin ƙafar Garba Dogo ne, ɗan wasanmu na gaba. Amma Kawu ya tsani ƙafar nan. Ran nan Garba ya ɗirka wata, ji kake dim! Kawu ya ruga ya rungume tamola yana shafawa.

"Kai Garba, mi ta yi maka? A hankali! Ba jaki ba ta!"

"Kawu, ai ci na yi."

"Ka ci, ita ta sha wuya. Fita!"

Garba ya tattara ya koma wurin dangin uwarsa a Kalgo, ya shiga ƙungiyarsu.

Sai kuma batun gola. Ni nake tsaron gida, ba yabon kai ba, ina kamawa. Rannan surukin Kawu, wani dattijo mai suna Baba Ango, ya ce da wasa shi ma da ƙuruciya ya iya cafe goruba. Kawu ya ji kunya ya ba shi wurina. Ina ruwan Baba Ango! In ƙwallo ta taho sai ya kauce kada ta ɓata masa riga. Wa zai yi wa suruki faɗa? Duk cin da aka yi mana sai Kawu ya je ya durƙusa ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Ni kuwa ina gefe kamar in fashe.

Filin ma nasa ne. Da damina ta faɗi muka iske ya shuka kuɓewa a gaban gidan gola. Na ce, "Haba Kawu, nan ne fa ake bugawa!" Ya ce, "Ku bi ta gefe. Ƙwallo ake miya da ita?"

Babbar dabararsa kuwa, da ya ga ana cinmu sai ya shiga fili ya ɗauke abarsa, wasa ya tashi. A lissafinsa ba a taɓa cin ƙungiyarsa ba. Samari suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har muka koma ba ma cika fili. Ni dai na san ƙungiyar nan mutuwa za ta yi, abin yana cin raina.

A haka mutanen Kalgo suka gayyace mu, muka hau bayan lori muka tafi. Kafin a je ko'ina Garba ya zura wa Baba Ango uku. Kawu ya shiga fili, ya sunkuci tamola, ya ce, "An tashi!" Sai wani ya mirgino wata daga gefe, sabuwa dal, aka ci gaba da wasa, har da mu. Kawu ya tsaya tsakiyar fili da tasa a hammata, ana gifta shi, ba mai kallonsa. Na so in yi dariya, sai tausayi ya kama ni. Da muka dawo gida na ji tsoron kada abin ya kwantar da shi.

Washegari na same shi a fili yana tuge kuɓewa da hannunsa. Ya miƙo mini tamola ba tare da ya dube ni ba.

"Ashe duniya akwai wata. Amshi. Ka aika wa Garba shi dawo."

"Baba Ango fa?"

"Wannan kai za ka gaya mai. Ni ba ni iyawa."

Kai, ajiyar zuciyar da na yi ran nan! Garba ya dawo, samari suka dawo, ƙungiya ta farfaɗo. Kawu kuma bai fasa zuwa fili ba har ya tsufa. Yana zaune a gefe kan buzu, duk bugun da aka yi da ƙarfi sai ya rufe ido ya ce, "Wayyo, a hankali!"

Allah Ya jiƙan Kawu Bawa, Ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya yi ta roƙa wa tamola sauƙi, Ya Allah, Ka bi da shi a hankali.