Ƙwayaye Ashirin a Rumfar Kaka

Har yau idan na ji ƙaurin leda tana narkewa, sai zuciyata ta koma washegarin wata ƙaramar Sallah a gidanmu na Birnin Kudu. Ina aji uku a firamare, Jigawa kuwa sabuwa ce fil, har manya kan yi tuntuɓen harshe su ce mu mutanen jihar Kano ne. Da la'asar na dawo daga yawon Sallah, lalle a hannu, alewa a kumatu, sai wannan ƙauri ya tarye ni tun daga zaure.

Abin ya faro ne ran jajibere. Kawu Sani, ƙanin Inna, wanda ke tuƙa bas tsakanin garinmu da Kano, ya shigo da wani ƙunshi yana murmushi. Da ya warware sai ga doguwar waya koriya, ɗauke da ƙwayayen fitila ashirin, kowanne bai kai ƙwan zabo ba. Ya rataya ta daga rumfar karan da Kaka, mahaifiyar Baba, take hutawa, ta bi kan zana, ta ƙare a wani turke dab da rumbunmu. Rumbun nan cike yake da dawa da geron da muka sha wuyar ɗaukowa daga gona, abincinmu ke nan har wata kaka. Da aka yi magariba Kawu ya danna makunnin da ke jikin bangon ɗakin Baba. Ni dai tsayawa na yi da tsintsiya a hannu, na manta da sharar. Sai na ga kamar taurari ne suka gaji da nisa suka sauko suka jeru a kan zanarmu. Inuwar turmi ta miƙe, tulunan ruwa suka yi sheƙi, awaki ma suka daina tuƙa suna kallo. Yaran maƙwabta suka cika ƙofa.

Baba ya kafa doka: daga magariba zuwa isha'i kawai, kuma idan an kunna su a kashe fitilun ɗakuna. "Hasken da babu mai kallonsa almubazzaranci ne," in ji shi. Kaka kuma tata al'adar daban ce. Ta tashi ta bi wayar a hankali tana ɗora bayan hannunta a kan kowane ƙwai, kamar mai duba zazzaɓin jariri. "Wannan ya fara fushi," ta ce, ta ja shi nesa da kara. Sannan ta zaunar da ni gefenta ta ce, "To 'yar boko, faɗa mini yadda suke." Na yi ta zuba, na ce taurari, na ce zinariya, na ce idanun mage, tana dariya. Na ɗauka wasa ne irin na kaka da jika.

Washegarin Sallah Hajara ta zo daga Zandam. 'Yar gwaggona ce, sa'ata, kuma garinsu ba su da lantarki a lokacin. Ta kalli ƙwayayen a kashe ta taɓe baki. "Wannan ne abin da kike ta kuri a kansa? Na gani a wani shago kusa da asibiti, nasu ja da kore ne." Abin ya sosa mini rai. Muka tattara ledojin alewar da muka shanye, ja da kore da ruwan ɗorawa, muka naɗe kowane ƙwai muka ɗaure da zare. Na leƙa, ba kowa, na ɗage na danna makunni. Shiru. Ashe an ɗauke wuta tun safe. Muka ji ƙawaye na kiranmu daga waje, muka suri gyale muka fice, ban mayar da makunnin ba. Inna ta tafi gaisuwa, Baba na masallaci, Kaka kaɗai aka bari. Wuta kuwa ba ta sallama idan za ta dawo.

Da na shigo da la'asar ɗin nan, na tarar da Kaka zaune a ƙasa, hannuwanta duk rairayi, zaninta na Sallah ya yi butu-butu. A jikin zana akwai baƙin tabo mai faɗin faifai, tsakaninsa da jinkar rumbu bai wuce taki ɗaya ba. Ga randa cike da ruwa kusa da ita, amma ba ta taɓa ba. Ashe da ta ji ƙauri ta fara zuwa ne ta kashe makunni, sannan ta yi ta ɗibar ƙasa tana watsawa har hayaƙin ya mutu. "Wutar waya ba ta shan ruwa," ta ce da Inna da ta shigo tana salati. Sai ta murza narkakkiyar ledar a yatsunta ta tambaya, "Me aka sa wa ƙwayayen nan?"

Baba ya daɗe yana kallon rumbu, sannan ya fara naɗe wayar zai mayar wa Kawu Sani. Hajara ta ɓuya bayan turmi. Ni kuwa na durƙusa na faɗi komai. Kaka ce ta cece ni. "Malam, laifin ɓarawo ɗaya, na mai kaya dubu. Wa ya aike mu haɗa wuta da kara? A mayar da su bangon ƙasa." Haka aka yi. Aka yanke inda ya ƙone, mai gyaran lantarki na unguwa ya haɗa, goma sha huɗu suka tsira. Aka ɗora mini aikin duba makunni duk lokacin da aka ɗauke wuta. Da magariba Hajara ta gan su a kunne, farare ba ado, ta riƙe hannuna gam ba ta sake zancen ja da kore ba.

Yanzu fitilun Sallah sun cika kasuwa, ƙanana kamar ƙwayar gero, ba sa zafi, ba sa shan wuta, wasu ma rana ce ke ciyar da su. Yarana na wucewa ta ƙarƙashinsu ba sa ko ɗaga kai. Ni ce dai nake bin su da bayan hannu, kuma ba na fita sai na duba makunni.

Sai bayan rasuwar Kaka, ina makarantar horon malamai, Inna ta gaya mini abin da aka ɓoye mana. Tun kafin wannan Sallah yanar ido ta rufe wa Kaka idanu duka biyu. Ranar da aka rataya wayar ta ƙirga takunta daga rumfa zuwa makunni. Ko sau ɗaya Kaka ba ta ga fitilun nan ba, abin da na faɗa mata shi ne iyakar abin da ta gani.