Mutumin da Ya Tsaya wa Torsten

Maman Lawali ya zo Jidda daga Damagaram yana saurayi. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya yi gadi a unguwar da ake kira Madinar Masana'antu, amma aikin da aka san shi da shi a unguwarmu Hindawiyya shi ne tsayuwa. Ƙofarsa tana kallon tamu, shi ya sa na san labarin tun ina ƙarama.

Wanda yake tsaya wa wani Bature ne, Torsten, mutumin Suwidin. Aikin wayar tarho ya kawo shi, da aikin ya ƙare ya ƙi komawa, wai a garinsu rana rowa take yi. Ya sayi fenti da buroshi ya kama zanen teku da duwatsu da tsofaffin lunguna, har masu hali suka fara rataya aikinsa a falo. A matsayin direba ya ɗauki Maman, daga baya ya gano masa wani amfani. In zai zana wuri sai ya tura shi can nesa ya tsaya, shi kuma ya miƙe hannu da buroshi, ya kanne ido ɗaya, ya auna tsayin gini da tsayin mutum. In an gama, sai a bi inda Maman ya tsaya a cikin zanen a shafe da fenti. Haka rana ta yi ta gasa shi shekara da shekaru.

"Ya khawaja, ni fa?" yakan tambaya, da sunan da ake kiran Turawa a can.

"Wata rana, Lawali."

Da aka ji za a rushe unguwarmu, Torsten ya zo zana lungunmu. A gaban jama'a Maman ya roƙe shi: wannan karon a bar shi a ciki, a ƙofar gidansa. Torsten ya ce "halas", wato shi ke nan, idonsa na kan allo. Maman ya sa farar rigarsa ta salla, ya tsaya har ƙafafunsa suka kumbura.

"Maman, ango ne ko fitilar titi?" in ji Hadjara mai waina.

"Yi dariyarki. Ke za ki kwashe tanda ki tafi, ni ina nan."

Bayan rusau muka watse. Maman ya koma ɗaki guda a unguwar Mahjar, wajen ɗansa. Duk wanda ya je gaishe shi sai ya ce masa gidansa na nan a zanen Torsten, da shi a ƙofa.

Bara aka baje zanen Torsten a wani zaure a arewacin gari. Maman ya gayyaci tsofaffin maƙwabta, ya yi hayar mota, ni ma ya ce in zo. Yana gaba muna biye, yana gaisa da mutanen da ba su amsa ba.

Lungun yana nan yadda muka bar shi: tagogin katako, wayoyin wuta a harɗe, inuwar la'asar a kan bangonmu. Ga koriyar ƙofar Maman. A gabanta an zana farin tankin ruwa, daidai tsayin mutum. Lungunmu bai taɓa yin tanki a wurin ba.

Maman ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa fentin.

"Mastura, 'yata, idona ne?"

Na kasa ɗaga kai.

Rim, mai zauren, ta turo Torsten a keken guragu. Ya tsufa ƙwarai, amma ya gane Maman nan take, ya yi murna.

"Lawali! Ka ga tankin?" ya ce da gurɓataccen Larabcinsa. "Kafaɗunka ne. Na gwada barin ka, wallahi, sai ka ɓata mini hasken."

Baƙin da ke kusa suka yi dariya. Hadjara ta ja mayafi ta rufe baki.

Rim ta ɗaga waya za ta ɗauki Torsten da zanen. Ya ɗaga hannu, ya kanne ido ɗaya.

"Yalla, Lawali, matsa. Ka shigo hoto."

Maman ya matsa.