Hayaƙin da Baba Ya Hana a Kama

Shekarar da surukina ya zo umra ya sauka a gidanmu na unguwar Safa a Jidda, shekarar ce na rasa ɗakin ajiyata. Dattijo ne mai tsoron Allah, bai taɓa nisa da ƙauyensu ba sai wannan zuwan, kuma ya taso a kan cewa takarda mai rubutun Larabci ba a jefa ta a bola, kada sunan Allah ya faɗa cikin ƙazanta. A ƙauye wannan ba wuya. A Jidda kuwa har ledar burodi da Larabci take magana.

Kwalin madara, jarida, takardar kantin magani, babu wadda ta tsere masa. In na zubar sai ya lallaɓa ya tsince, ya goge da hannun riga, ya kai ɗakin da nake ajiye shinkafa da mai. Har ta kai a karkace nake shiga in ɗebo gishiri, kyankyasai kuma suka sami unguwa. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Amma ni suruka ce, ina ni ina buɗe baki? Na kai ƙara wajen maigida, ya ce, "Halas, shi ke nan, yi haƙuri, ai ya kusa tafiya." Wanda ke fita da safe sai yamma, ba shakka haƙuri ba ya yi masa wuya.

Maigida injiniya ne. Kamfaninsu na tsara wata masana'anta da za ta riƙa ƙona shara tana ba da wutar lantarki. Nasa aikin shi ne kama iskar nan ta cikin hayaƙi mai ƙara wa duniya zafi, a matse ta, a tura ta can ƙarƙashin ƙasa. Baba dai iyakar saninsa ɗansa na aikin lantarki. Maigida bai taɓa ƙara masa bayani ba, ni kuwa na san dalili.

Wata Juma'a bayan masallaci na kawo musu abinci, na durƙusa, na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki.

"Baba, ai ka daina wahalar da kanka," na ce. "Duk takardar da ta kuɓuce maka, ɗanka zai ƙone ta a wurin aikinsu, tare da sauran sharar gari."

Baba ya ajiye cokali. "Tare da me, 'yata?"

Maigida ya watso mini harara, na yi kamar ina gyara faranti. Ya shiga bayani, Hausa na ƙwace masa yana cikowa da Larabci. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Ƙonawa ta halatta," ya ce. "Binnewa ma ta halatta. Amma murhu ɗaya da ƙunzugun jarirai da kan kifi? Sannan ka tattara hayaƙinsu wuri guda ka danne a rami?"

"Ba a fara ba, Baba. Wallahi har yanzu a takarda abin yake."

"To takarduna ba za su jira ka fara ba. Tashi."

Da hannunsa maigida ya kwashe ɗakin tas ya loda a mota, yana gumi. Na ga bangon ɗakina, har da wata tukunya da na ɗauka an sace. Baba ya kafa doka: duk Juma'a haka za a yi, kada wata takarda ta ƙara taruwa a gidan.

Ban yarda an bar ni a baya ba. Muka fita bayan gari, inda babu komai sai yashi da duwatsu. Ina cikin mota da sanyi, na toshe baki da mayafi, ina kallon mai kama hayaƙi tsugune gaban daron ƙarfe cikin farar jallabiyarsa, yana fifita wuta. Hayaƙi ya turnuƙe, baƙi ƙirin, ya miƙe sama. Idon maigida ya yi ja, ban san ko yajin hayaƙin ne ko takaici ba. Can ya kasa daurewa, ya ɗauko murfin daron zai kifa.

Baba ya tare masa hannu da sanda.

"Sake shi ya tafi," ya ce. "Wannan ba naka ba ne."