Igiyar da Ban Fito da Ita Ba

Yayana yatsu uku gare shi a hannun hagu, kuma ni ne sila. A gidanmu ba a faɗin haka. Abin da ake faɗi shi ne ƙaddara, a girgiza kai, a shiga wata maganar. Shekara shida na yi ina girgiza kan tare da kowa, ina ɗauke da abin da nake zaton ni kaɗai na sani.

Yaya maɗinkin babbar riga ne, ɗinkin hannu. A zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya yake zama tun ina yaro, riga a kan gwiwa, allura na shiga tana fita. Mutane na zaton hannun dama ke yin aikin. Hagun ne ke riƙe yadin ya ɗame shi, shi ke jin kan allura daga ƙasa ya mayar da ita inda ya kamata. Ni kuwa ma'aikacin ofis ne a unguwar Kongo, hannuna bai iya komai ba sai juya fayil da buga hatimi. Yaya kan ce da a ce da hannu ake cin abinci kaɗai, ba da albashi ba, da yunwa ta kashe ni tuntuni.

Abu ɗaya ya haɗa mu tun ƙuruciya, shi ne harbin tsuntsu. Da danƙo muke zagaya bayan ganuwa muna neman kurciya da hasbiya. Shi ke harbowa, ni ke rugawa in yanka kafin ta mutu. Da na kusa shekara hamsin sai wannan tsohon kwaɗayi ya dawo mini, na ƙwallafa rai sai na mallaki bindiga mai baki biyu, irin wadda bututunta biyu ke jere kafaɗa da kafaɗa. Na tambayi kuɗin sabuwa, na ji, na haƙura. Sai aka ce mini akwai wata tsohuwa a Tukur-Tukur, wurin wani dattijo da ya yi aikin gandun daji, ido ya fara ba shi matsala, yana so ya rabu da ita. Da aka kwatanta mini gidan sai na gane shi. Aminin marigayi mahaifinmu ne, Baba muke ce masa. Shi ya yi wa Yaya walicci ranar aurensa.

Kafin in je, na biya wurin wani mai gyara a Tudun Jukun, wanda ke gyaran keken ɗinki, a gefe kuma yana taɓa bindigogin mafarauta. Mutum ne mai gajeren haƙuri. Bai ɗago kai daga aikinsa ba ya ce mini, "Malam, tsohuwar bindiga ba a sayenta da ido. Ka cire bututun, ka rataye shi da zare, ka ƙwanƙwasa. Mai lafiya ƙara yake yi kamar ƙararrawa. Sannan ka leƙa cikinsa ta hasken rana. Na ƙarshe, kada ka yarda ka ɗora ta a kafaɗa sai ka ɗaure ta a jikin bishiya, ka ja kunamar da doguwar igiya kana laɓe. Harsashin yanzu ya fi na zamaninta ƙarfi. In za ta fashe, ta fashe wa bishiya."

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji, don har a takarda na rubuta.

Amma da na isa zauren Baba na cire takalmi na durƙusa, takardar nan ba ta da wani amfani. Ya sa aka ɗauko bindigar naɗe cikin tsohon bargo, ya warware ta a hankali kamar mai buɗe jariri. Kyakkyawa ce, ba zan ɓoye ba. Katakonta ya yi duhu ya yi santsi saboda hannu, an zana ganye a jikin ƙarfen, kunama biyu, ta gaba ta bakin dama, ta baya ta bakin hagu. Ya ce wani Bature da ya yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya bar masa ita.

"Shekara arba'in, ɗana, ba ta taɓa ba ni kunya ba," in ji shi. "Babanka ya ci fakarar da ta harbo har ya gaji. Na fi son ta zauna a gidansa."

Kuɗin da ya faɗa bai kai na tunkiya mai kyau ba. To, ku gaya mini, da wane baki zan ce wa wannan dattijo ya ba ni zare in rataye bindigarsa in ƙwanƙwasa a gabansa? Mu a wurinmu ba a bincikar kayan babba a kan idonsa. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka tashi. Haka na yi.

Takardun lasisi suka ci watanni. Ranar da bindigar ta zo hannuna na kulle ɗaki, na cire bututun, na rataye, na ƙwanƙwasa da cokali. Na dama ya yi ƙara mai daɗi. Na hagu ya ce ƙwas, kamar tukunyar da ta tsage. Na ɗaga shi ta taga na leƙa, sai ga wani baƙin tabo can wajen tsakiya, daidai inda hannu ke tallafe bindiga, tsatsa ta ci ta yi rami. Na sake ƙwanƙwasawa sau biyar ko shida, kamar ƙarfe zai canza magana don na matsa masa.

Na koma Tudun Jukun sau ɗaya, na tarar mai gyaran ya yi tafiya. Ban sake komawa ba, kuma gaskiyar ita ce tsoron abin da zai ce nake yi. Mayar wa Baba kuwa, in ce masa me? Abin da ka ba ni don girmama mahaifina ruɓaɓɓe ne? Sai na ce wa kaina saura gwajin bishiya. A cikin gari ba zai yiwu ba, don a wannan zamani ƙarar bindiga ɗaya ta isa ta sa unguwa duka ta watse. Sai an fita daji. Na sayi igiya gaba goma, na naɗe ta na ajiye.

Bayan an yanke dawa muka sa ranar Asabar, ni da Yaya. Ana jibi za mu fita sai ga saƙon Baba, wai zai raka mu ya nuna mana wata fadama kusa da hanya inda fakara ke sauka, tun da yanzu ba mai hankalin da ke nutsawa cikin daji. Na ɗauko shi a mota bayan asuba, ya sha rawani, yana ta murna kamar yaro. Igiyar tana aljihun rigata na dama, ina jin nauyinta duk hanya.

A bakin fadamar akwai wata ɗorawa, kamar don ni aka shuka ta. Na dube ta, na sa hannu a aljihu, na taɓa igiyar. Baba yana tsaye kusa da ni yana ba Yaya labarin ranar da ya harbo zabin daji biyu da harbi ɗaya. Na zaro hannuna babu komai. Na yi wata dabara a zuciyata: harsashi ɗaya zan sa, a bakin dama mai lafiya, ni zan harba, hagun kuma ba zan taɓa shi ba har abada.

"Cika duka biyun mana," in ji Baba. "Fakara ba ta jiran mutum ya sake ɗuri."

Na cika. Na ce ba komai, kunamar baya ce kawai ba zan ja ba. Mun yi 'yar tafiya cikin karan dawa, sai Baba ya dafa kafaɗata.

"Kai, ina tarbiyya? Sabuwar bindiga a gida, yayanka na tsaye, kai za ka buɗe mata baki? Miƙa wa babba."

Yaya ya yi dariya ya miƙo hannu. "Kawo nan, ɗan boko, kada ka harbe mana ƙafa."

Wannan lokacin shi ne nake komawa kullum. Ba gaggawa aka yi ba. Ina da sarari in ce masa, kada ka ja ta baya. Kalma biyar ce. Amma da na faɗa, Baba zai tambayi dalili, kuma dalilin yana nufin na leƙa cikin kyautarsa na ga aibu. Na buɗe baki, na dubi farin gemun dattijon, na miƙa bindigar da hannu biyu. Na ce a raina Yaya ba ya kuskure, harbi ɗaya zai yi.

Fakara uku suka tashi fir. Ya yi bisimilla ya harba, ya kuskure. Ya bi su da bakin bindigar ya ja ta biyu.

Ƙarar ba irin ta farko ba ce. Na ga hayaƙi ya fito ta gefe, na ga Yaya zaune a ƙasa yana kallon hannunsa, bai ko yi ihu ba. Babban yatsa da na kusa da shi sun tafi. Jini na zuba kamar an buɗe famfo. A lokacin ne igiyar ta fito daga aljihuna ba tare da wata kunya ba. Na naɗa masa ita a dantse na ɗaure tamau, muka ɗauke shi zuwa asibiti, Baba yana baya yana salati yana kuka.

Bindigar na miƙa ta ga hukuma a yadda take, na yi bayani, ban sake waiwayarta ba. Baba bai ƙara shekara biyu a duniya ba. Duk ranar da na je gaishe shi sai ya kama hannuna ya ce in yafe masa, shi ya cuce mu. Ni kuma in ce, "Haba Baba, ƙaddara ce." Na bar shi ya tafi kabari da laifin da nawa ne. Wannan ma yana damuna, ba kaɗan ba.

Yaya ya gwada komawa ɗinki. Ya riƙa danne yadin da gwiwa, yana tallafa da yatsu ukun, amma zanen yana karkacewa, shi kuma ba mutum ne da zai bar karkataccen aiki ya fita daga zaurensa ba. Masu kawo riga suka riƙa raguwa cikin ladabi, kowa da uzurinsa. Yanzu zane kawai yake fitar wa wasu a kan yadi, su ɗinka. Bai taɓa yi mini kallon banza ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo.

A bara, wata ranar Juma'a bayan la'asar, na same shi shi kaɗai a zaure yana zana wuyan riga. Na zauna, na gaya masa komai, ƙarar tukunya, baƙin tabo, ɗorawa, kalma biyar ɗin da na haɗiye. Ban ɗago kai ba sai da na gama. Shi kuwa bai daina zanensa ba.

"Na sani," in ji shi.

"Ka sani?"

"Tun a mota, ina kwance ina kallon abin da ka ɗaure mini hannu da shi. Sabuwar igiya gaba goma. Wa ke zuwa harbin fakara da igiya gaba goma? Ai ni ma na san abin da ake yi wa tsohuwar bindiga."

Na ce, "To, Yaya, shekara shida, me ya hana ka tambaye ni?"

Ya ajiye alƙalamin, ya daɗe yana duban hannun nan nasa.

"Da wane ido?" in ji shi. "Kunyarka na ji."

Daga nan ya turo mini gefen yadin ya ce in ɗame masa, don layin yana ta gocewa. Na kama da hannu biyu na ja, ya ci gaba da zane.