Shekarar da Muka Tuna da Nahuce

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne a Gusau, kuma a da sai sallah-sallah yake leƙa gwaggonsa a Nahuce. Yakan kai mata kwalin sukari da ganyen shayi, ita kuma, bisa al'ada, ba ta barin baƙo ya tafi hannu rabbana, sai ta sa a cika masa but ɗin mota da dawa. Yana dawowa zai ce in ba kaji. Mu lokacin 'yan shinkafa ne.

Sai gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Aka soke alawus, aka daina tura su bita, inda yake samo mana soyayyar kaza a leda. Nama ya fara yi mana ƙaura, madara ta bi shi, yara suka koma shan koko ba sukari suna harararmu. Kajin da suka ci dawar Gwaggo ma mun cinye su.

Nan fa son zumunci ya taso wa maigida. Kowace Asabar sai ya ce, “Tsohuwar nan tana raina, bari mu dubo ta.” Wata Asabar ma har na ga ya ciro safayar taya daga but ya jingine a zaure. Abin da yake tsoro ɗaya ne, kada Gwaggo ta gane. Gara masa yunwa da a ce a ƙauye ma'aikaci ya zo neman hatsi.

Ranar muka isa ba sukari ba shayi, sai doguwar gaisuwa. Da za mu tafi, Gwaggo ta rako mu da kanta, ta leƙa but ɗin, ta daɗe tana kallon gurbin tayar.

Ta ce, “Allah shi yi ma gwamnati albarka, da ta maido muna da kai.”

Na toshe baki da mayafi. Maigida ya shiga duba ƙasa kamar ya yar da wani abu.

Aka loda dawa har da wake. Sannan ta koma ɗaki ta fito da kwalin sukari, irin wanda yake kai mata a da, ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta wuce shi, ta miƙo mini.

“Ki sa ma yara ga koko. Kak ki hwaɗi mai.”

Yana tsaye yana ji. Dariyar da nake riƙewa ta tafi, kunya da tausayi suka kama ni. Har muka shiga Gusau bai kunna rediyo ba.