Wayar da Na Ɗaura a Jirgin Maigida

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ba zan manta da yammacin da muka tayar da sandar jirgin maigidana a Riyad ba, garin da ko kududdufi sai an nema.

Direba nake a wani gida a unguwar Al-Shifa. Maigidan, wanda shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a ƙasar, ya sayo ƙaramin jirgin ruwa, kwalekwale biyu a haɗe, irin wanda iska ke turawa. Ya ce sai mun gwada kafa sandarsa a tsakar gida kafin in ja shi zuwa teku. Sandar ƙarfe ce, ta fi katangar gidan tsawo, wayoyi uku ke riƙe ta. Mai kula da lambu, wani dattijo mutumin Maraɗi, shi aka sa ya tallafe ta a kafaɗa. Ni aka ba aikin maƙala wayar gaba da wata 'yar ƙusa.

Ƙusar nan ta suɓuce mini, ta faɗa ramin magudana. A lokacin ina tsoron maigida sosai, iƙamata, wato takardar izinin zamana, na hannunsa, kuma ban taɓa ce masa komai ba sai "to". Na lalubo guntuwar wayar ɗaurin rodi a aljihu, na murɗa a gurbinta.

"Tamam?" maigida ya tambaye ni daga bayana, wato ko komai daidai.

"Tamam," na ce.

Ya ce dattijo ya saki. Sandar ta tsaya cak, maigida har da tafi. Ni kuwa idona na kan wayar, ina kallo tana warwarewa a hankali. Kalma ɗaya ta isa, amma na kasa furta ta.

Sai iska ta kaɗa. Na ji ƙas, sandar ta taho baya, daidai inda dattijo ya sunkuya yana gyara takalmi. Ƙarar da ta yi a kafaɗarsa har yau tana kunnena. Ya kwanta bai motsa ba, ina ta salati, na tabbata na kashe mutum.

Allah ya sa da sauran kwana, amma hannun bai sake ɗaga tiyo ba, dole ya koma gida. A asibiti na durƙusa gaban gadonsa na faɗa masa gaskiya.

"Ai na gan ka kana murɗawa, ɗana," ya ce. "Na yi shiru ne kar a yi maka huruj, a mai da kai gida."

Na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Shi ya yi shiru don ya cece ni, ni na yi shiru don in ceci kaina. Tun daga ranar na gane cewa kuskuren da na ɓoye don tsoro, wani ne zai ɗauke shi a jikinsa. Yanzu idan abu ya lalace a hannuna, ko gaban wa nake, faɗa nake yi.