Tabon Man Kwakwa a Jiragen Korleki

A bakin ruwan Ada, inda kogin Volta ke ƙarasawa cikin teku, idan ka shiga jirgin shaƙatawa ka ga daɓensa ya kwanta lumui, launin katakon tik da baƙaƙen layuka a jere, to aikin Korleki ne. Ba katako ba ne kuwa, roba ce aka yi mata kamannin katako. In kana son tabbatarwa, duƙa ka leƙa ƙarƙashin kujerar gaba. Za ka ga wani ɗan tabo mai duhu wanda bai fi tafin hannu ba. Baƙi da yawa sun ɗauka alamar kamfani ce.

Korleki 'yar Baba Amanor ce, masassaƙin kwalekwale. Ta tashi a gindin kwakwa tana riƙe masa tukunyar kwalta yana toshe tsagar jirgi. 'Yan uwanta maza duk sun guje wa sassaƙa, wannan ya zama direba, wancan ya tafi haƙar gishiri, ita kaɗai ta iya riƙe gizago. Amma ko sau ɗaya Baba bai taɓa ce mata ta iya ba. Masassaƙan gidansu suna da al'ada: ba a miƙa wa mai jirgi sabon aiki sai babban masassaƙi ya shafe shi da man kwakwa da hannunsa, kuma ba ya shafa wa aikin da bai yarda da shi ba. Korleki ta yi benci, ta yi filafili, ta gyara gefen kwalekwale, kwalbar man nan ba ta taɓa buɗuwa dominta ba. Abin yana ci mata rai, ta dai haɗiye.

Aure ya kai ta birnin Tema. Da mijin ya rasu, sai ta sami shara a wani wurin gyaran jirage kusa da tashar ruwa. Tana shara tana satar kallo, har ta gane yadda ake shimfiɗa leda a kan daɓe a zana siffarsa, a yanka robar falle-falle, a haɗa da ƙarfe mai zafi, a shafa gam, a danne da buhunan yashi. Kafin a ankara ta ajiye tsintsiya ta ɗauki wuƙa. Da hannunta ya faɗa, ta naɗo robarta ta dawo gida, don ta ga jiragen masu kuɗin Akra sun cika kogin, katakonsu kuwa rana da ruwan gishiri sun cinye shi.

Ba a tarbe ta da ganga ba. Mazan bakin ruwa suka sa mata suna mai ɗinkin tabarma. Baba ya fi kowa. Ya murza robar tsakanin yatsunsa, ya sansana, ya ce abin da ba ya tsufa, ba ya ruɓewa, ai wannan ƙarya ce aka ja mata layi. Masu jirage kuma suka ci gaba da ɗauko maza daga Tema. Korleki ta yi ta yawo da ɗan guntun robarta daga wannan gidan bakin kogi zuwa wancan, ana ce mata a dawo gobe. Ita kuwa goben ba ta taɓa yi mata nisa ba, sai ta dawo.

Madam Lamiley ce ta gaji da ganinta. Tana da masaukin baƙi da jirgi guda da take fitar da su yawo a kogi, daɓensa ya ruɓe. Ta ba ta aikin, ta kuma faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa ranar Asabar baƙinta za su zo. In aikin ya yi kyau kowa zai ji, in bai yi ba ma kowa zai ji. Duk Ada an san bakin Madam ba ya kwana da magana. Korleki ta san wannan jirgin ne zai tsayar da ita a garin, ko ya mayar da ita Tema ga tsintsiya.

Ta duƙufa. Baba ya kawo kujerarsa gindin wata bishiya can nesa, wai iska yake sha, alhali idonsa na kan jirgin. Ranar Alhamis da la'asar ta kwashe buhunan yashi, daɓe ya fito tsaf, layuka sun bi lanƙwasar jirgin ba karkace. Tsohon ya taso a hankali, ya tuɓe takalmi, ya taka daga gaba zuwa baya, ya bi layi ɗaya da babban yatsansa. Sannan ya koma gida.

Da safiyar Juma'a, tun kafin ta isa jirgin ƙamshin man kwakwa ya tare ta. Daɓen yana ta walƙiya, ya yi dabbare-dabbare, yashin da iska ta kwaso ya manne ko'ina. Ga Baba zaune a gefen jirgi da kwalba ba komai a ciki, hannayensa suna maiƙo.

"Na ga ƙishi yake ji," in ji shi, yana kallon kogi. "Na ba shi irin wanda nake ba nawa."

Korleki ta tsaya ta rasa abin da za ta fara, kuka ko faɗa. Tun tana yarinya take jiran man nan, ga shi ya zo a kan abin da ba ya shan mai. Ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba, ta kuma ji kamar ta kama tsohon ta jefa a ruwa. Amma gobe Asabar, ba lokacin lallashi.

"Baba, wannan ba ya sha. A sama man zai zauna. Duk wanda ya taka sai ya zame."

Ya ce mata yarinya ce, shi da ya yi shekara da shekaru yana shafa wa jirage. Ya miƙe don ya nuna mata, taku biyu ƙafarsa ta kwashe, da ƙyar ya cafki ƙarfen gefe. Ya tsaya a haka yana kallon daɓen, sai ta ga fuskarsa ta faɗa. Ya ɗauki kwalbarsa ya sauka, ya nufi hanyar gida ba takalmi. Ta san in ya tafi a haka, ba zai sake zuwa kusa da aikinta ba har ya mutu.

"Ina za ka, tsoho? Kai ka shafa, kai za ka goge. Ni kaɗai ba zan gama ba."

Ya juyo ya harare ta, ya ce tun da yake ba a taɓa aikensa a bakin ruwan nan ba. Ta ce to yau an fara, ta miƙa masa buroshi.

Suka wanke da sabulu da ruwan ɗumi, suka ɗauraye, suka sake wankewa. Da ya bushe ta raba musu samfefa mai kaushi, ta ce a bi tsawon layi, kada a gitta. Baba ya ce shi za a koya wa bin jijiyar katako? Rana ta take, robar ta ɗau zafi tana ƙona gwiwa. Mata masu kifi suka tsaya suna tsiya, wai yau ga Baba Amanor yana wankin tabarma. Ya ce su wuce, kifinsu na wari. Dokunun da Korleki ta sayo, tuwon masarar nan na ƙunshi, ya huce a ganyensa ba wanda ya waiwaye shi. Sannu a hankali duhun ya riƙa ɗagawa, launin yana dawowa. Rana na gab da faɗuwa ya rage ɗan wuri ƙarƙashin kujerar gaba. Baba ya kai hannu, ta riƙe shi.

"Bar wannan."

"Madam za ta gani."

"Ta gani mana."

Madam kuwa ta gani. Ta zo da safe, ta tuɓe takalmi, ta taka ko'ina, ta watsa ruwa ta sake takawa, ta leƙa kowane lungu har ta kai ga tabon. Korleki ta ce mata babanta ne ya yarda da aikin, wannan hannunsa ne. Madam ta dubi tsohon, ta dubi gwiwoyinsa da suka saluɓe, ta ce ai ba wanda ke taka wurin, a shigo da baƙi. Kafin wata ya zagayo masu jirage ne ke neman gidan Korleki.

Yanzu idon Baba ya dushe, gizagonsa na rataye. Duk jirgin da ta gama, ita ke riƙo shi ta shigo da shi, ta kai hannunsa ƙarƙashin kujerar gaba, ya ɗan tsiyaya mai a tafinsa ya shafa. Har yau tabarma yake kiran abin, har yau kuma bai ce mata ta iya ba. Sai dai tun aiki bai kai rabi ba zai fara tambaya ko an cika masa kwalbarsa.